Om Huɗu

Daga Adum na ɗauko su a bayan torotoro,
sifiku biyu, baƙaƙe, kowace da nauyin buhun masara.
Yaron mota ya caje ni kuɗin mutum uku,
ban yi ciniki ba.
Wanda ya sayi raƙumi ba ya kukan kuɗin akala.

Na jona su da tsohuwar amfilifayata
wadda na zo da ita daga Tarabulus, na murɗa.
Sai gurnani, sai shaƙewa,
ta ɗau zafi har ƙaurin roba ya kori Lariba daga ɗaki.
Ta ce, "Kuɗin rufin kwanonmu ne ke ƙauri haka."
Na yi kamar ban ji ba.
Da ma kunnen hagu hanyar Bawku ta cinye shi,
shekara da shekaru iska na marin sa ta tagar gingimari.

Mumuni mai gyara, can lungun Aboabo,
ya juya bayanta, ya duba da tabarau mai ƙafa ɗaya.
Ya ce, "Ka ɗaura wa jaki amalanken shanu.
Sifikunka om huɗu ne, masu haɗama,
ita kuwa da takwas ta saba.
In ka matsa mata, gawarta za ka kawo min."
Ya jawo wata daga ƙarƙashin benci,
'yar gwanjo, mai nauyi kamar bashi.
Ko ficika bai rage ba.

Na ajiye su ƙasa, siminti ya shanye maganar,
ƙugin ya koma dukan bango,
kwanukan Lariba na kyarma a kabad.
Sai kafinta Owusu ya zo da zaren awo,
ya ce in zauna yadda na saba zama.
Ya auna daga daɓe zuwa kunnena,
ya sassaƙa ƙafafu biyu na katakon odum,
ya rarake cikinsu, muka ɗura busasshen yashi.
Taku biyu daga bango,
fuskokinsu sun ɗan karkato gare ni
kamar baƙi masu ladabi.

Yaran gida sun zaci biki za a yi.
Ni kuwa kaset ɗaya ne duk ya ja wannan ɗawainiya,
wanda Inna ta aiko min Libiya ta hannun wani direba.
Minti goma sha ɗaya. Na haddace shi tsaf:
gaisuwa, tsadar gero, wa ta haihu, wa ya rasu,
kada ka yi wasa da salla.

Daren Talata, da aka dawo da wuta,
na danna.

Ga ta.
Ba cikin akwatin dama ba, ba na hagu ba,
a tsakiya, daidai inda babu kowa.
Bayanta ruwa na sauka kan kwano,
ban taɓa sanin ana ruwa a ranar ba.
Can nesa wata na dakan sakwara,
awarwaronta ita kuma na kaɗawa in ta ɗaga hannu.
Bayan ta ce, "Sai ka dawo,"
wurin da nake ɗauka shuuu ɗin kaset ne kawai,
sai na ji ta ja numfashi,
ta haɗiye wani abu mai wuyar haɗiya,
ta ce wa ƙanena ƙasa-ƙasa,
"Kashe, kada ya ji."

Shekara talatin da huɗu ban ji ba, Inna.
Kin kusa yin nasara.

Lariba na bakin ƙofa, ludayi a hannu,
miya na ɗiga kan tabarma.
Ba ta ƙara zancen rufi ba.
Ta ce, "Mayar da shi baya kaɗan."

Na mayar.
Na juyo da kunnen dama.